Kaftin Bule (1866-1899): shin mahaukaci ne ya ƙone Birnin Ƙwanni?

Matafiyin da ya tashi daga Jiratawa ko Tibiri, ya ratsa Maraɗi, ya kama babbar hanyar Damagaram, in ya wuce Tasawa da kaɗan zai iske wani gari da ake ce ma Maijirgi. A nan ne anka bizne wasu hafsoshin Faransa guda biyu cikin watan Yuli na shekarar 1899. Babban cikinsu shi ne kaftin Pol Bule, wanda takardun Faransanci ke rubuta sunansa Paul Voulet.

Samari da yawa na ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir sun fara ganin kamannin wannan mutum ne a majigi da telebijin. Cikin shekarar 1986 Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya shirya fim mai suna Sarraounia bisa littafin marubucin Nijar Abdullahi Mamani, wanda ya fito a 1980. A Burkina Faso anka ɗauki fim ɗin, kuma ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. A tsakiyar shekarun 2000 wani Bafaranshe, Serj Mowati, ya yi wasan kwaikwayo na telebijin kan wannan labari, sunansa Capitaines des ténèbres. A 2020 kuma wani fim na bin sawun tarihi, African Apocalypse, ya fito daga Ingila, inda anka saurari jikokin waɗanda abin ya faɗa ma.

Masu kallo ba su tashi da ra'ayi ɗaya. Wasu suna jin daɗin ganin Sarauniyar Lugu ta tsaya ma Nasara, ko da yake ba da Hausa take magana cikin fim ɗin ba. Dattawa kan yi ƙorafin cewa Turawan kowa da sunansa da muƙaminsa, amma mutanen garuruwan da anka ƙone sai a nuna su taro guda, babu mai suna. Sai dai tambayar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce: mutumin nan da ke zare ido yana ihu, lafiyarsa ƙalau kuwa? Wanda ya ga wasan kaɗai zai iya cewa taɓin hankali ne. Tarihin rayuwarsa ya nuna wani abu dabam.

An haifi Bule a birnin Paris cikin shekarar 1866. Ubansa likita ne. Ya shiga soja a matsayin ƙaramin soji cikin rundunar da Faransa ke aikawa ƙasashen ƙetare, ya yi aiki a Tonkin, can gabashin Asiya, daga baya ya sami hafsanci anka turo shi Sudan ta Faransa, wato ƙasar Mali ta yau.

Sunansa ya fito a 1896. A wannan shekara shi da abokinsa Juliyan Shanwan (Chanoine) sunka shiga ƙasar Mosi da Gurunsi, sunka ci Wagadugu cikin watan Satumba, sarkin Mosi Wobgo ya gudu ya bar gadon iyayensa. Ƙona garuruwa da kashe kamammu duk an yi su a wannan yaƙi, kuma manyansa sun sani. Babu wanda ya ce da shi mahaukaci a lokacin. Da ya koma Paris tarba ta girma anka yi masa, anka ƙara masa girma zuwa kaftin. Mai karatu ya riƙe wannan, domin abin da ya aikata a ƙasar Hausa bayan shekara uku shi ne dai abin da anka yaba masa a kai a ƙasar Mosi.

A 1898 Faransa da Ingila suna tsere wajen rabon Afirka, har sun kusa gwabzawa a Fashoda, bakin kogin Nilu. Ran 14 ga watan Yuni na shekarar sunka sa hannu kan wata yarjejeniya wadda ta zana iyaka kamar baka, nisan kilomita kamar 160 kewaye da Sakkwato. Abin da ke cikin bakan na Ingila ne. Bisa wannan zane, Ƙwanni da Tibiri da Maraɗi da Jiratawa duk sun faɗa rabon Ingila, Faransa kuwa ta sami ƙasar arewa mai ƙarancin rijiyoyi. Gwamnatin Paris ta ƙudura tura ayari uku su haɗu a tafkin Cadi: ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kongo, na uku daga kogin Kwara. Na ukun nan anka danƙa ma Bule, Shanwan yana mataimakinsa. Uban Shanwan janar ne, har ya riƙe ministan yaƙi na ɗan lokaci cikin wannan shekara.

Turawan ayarin ba su wuce goma ba. Sauran sojojin baƙar fata ne sama da 500, da 'yan dako kamar 800 waɗanda anka kamo da ƙarfi, akasari daga ƙasar Mosi, ga mata da bayi da dabbobi da ke ƙaruwa a kowane zango. Kuɗin da anka ba su kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya tura taro irin wannan ya ratsa ƙasa da rani, ba guzuri, ya san inda za su sami hatsi da ruwa: cikin rumbunan talakawa da rijiyoyinsu.

Tun a bakin Kwara ta'asar ta soma. Farkon watan Janairu na 1899, a Sansane Hausa, anka kashe mutum 101, cikinsu har da mata da yara, wai don ramuwar sojoji kaɗan da anka kashe. Ɗan dakon da ya gaza sai a kashe shi, jagoran da anka zarga da ɓatar da hanya sai a rataye shi. Ƙishirwa ta hana ayarin bin hanyar arewa, sai ya karkato kudu. Ran 16 ga watan Afrilu sunka iso Lugu, a ƙasar Arewa, inda Sarauniya Mangu da maharbanta na Azna sunka tare su da kibau. An kashe sojojin ayarin 4, mutanen Lugu sunka janye cikin kurmi, garin kuwa anka sa masa wuta. Ran 8 ga watan Mayu sai Birnin Ƙwanni. Birni ne babba mai ganuwa, amma ganuwar ƙasa ba ta tsaya ma igwa. Ƙididdigar mamatan ta sha bamban, daga ɗaruruwa zuwa dubbai, sai dai babu mai musun cewa an kashe jama'a ba adadi, an zuba gawarwaki cikin rijiyoyi da ramuka, an kwashe mata. Daga nan ayarin ya ratsa ƙasar Gobir da ta Katsinar Maraɗi ya nufi Tasawa, labarinsa yana riga shi isa, mutane suna watsewa cikin daji tun ba su hango ƙurarsa ba.

Yadda labarin ya kai Paris abin lura ne. Wani laftana mai suna Peto, wanda ya saɓa da Bule anka kore shi daga ayarin, ya rubuta ma budurwarsa wasiƙa yana zayyana abin da ya gani. Wasiƙar ta kai hannun wani depite, daga nan ta isa ga gwamnati. Cikin watan Afrilu anka umurci kanal Klob ya bi sawun ayarin, ya bincika, in abin gaskiya ne ya karɓe shugabanci. Akwai kuma wani abin da ya dami Paris: ayarin ya shiga rabon Ingila ba da izini ba.

Klob ya yi tafiyar sama da kilomita 2000 da 'yan sojoji kaɗan. Bai buƙaci jagora ba, toka da ƙasusuwa sun ishe shi sanin hanya. A Koran Kalgo, kwanaki kaɗan kafin ya cim musu, ya tarar da gawarwakin 'yan mata ƙanana a rataye. Bule ya aika masa da takarda cewa in ya matso zai sa a harbe shi. Ran 14 ga watan Yuli, ranar babban bikin ƙasar Faransa, sunka yi arba a Dankori, kusa da Tasawa. Klob ya hana mutanensa harbi, ya ci gaba da tafiya bisa dokinsa. Bule ya ba da umurni, anka harbe kanal ɗin ya faɗi matacce, laftana Meniye da ke tare da shi ya ji rauni.

Abin da ya biyo baya shi ne masu wasan kwaikwayo sunka fi so. Bule ya cire galolinsa, ya shaida ma sauran hafsoshi cewa shi ya bar zama Bafaranshe, ya zama sarkin baƙar fata, zai kafa daular kansa da waɗannan sojoji. Sojojin kuwa, da sunka gane ba za su sake ganin garuruwansu ba, sai sunka yi tawaye. Ran 16 ga wata sunka harbe Shanwan. Bule ya tsere ya kwana a daji, da safiyar 17 ga wata ya komo, mai gadi ya harbe shi a Maijirgi. Bai cika shekara 33 ba. Kwana uku ke nan tak tsakanin mutuwar Klob da tasa, alhali ƙone-ƙonen sun ɗauki wata shida da ɗoriya, yana sanye da galolinsa, tutar Faransa tana gaban ayari.

Labarin kisan Klob ya isa Faransa cikin watan Agusta, daidai lokacin da ƙasar ta rabu biyu kan shari'ar Direfus, hafsan nan Bayahude da anka yi ma ƙazafin cin amanar ƙasa. Rundunar soja ba ta son wani sabon abin kunya. Jaridu sun yi ta kururuwa, amma jinin kanal ɗin ya fi na mutanen Ƙwanni tada hankalinsu. Depite Vinye Dokton ya nemi majalisa ta kafa kwamitin bincike, anka ƙi. A 1902 anka rufe maganar, anka jingina laifin ga wata cuta da sunka ce zafin ranar Sudan ke sa ma Bature a ƙwaƙwalwa. Daga nan zancen hauka ya samo asali, kuma ya yi ma masu mulki amfani, tunda mahaukaci ba a tambayar wanda ya aike shi. Ba a gurfanar da ko ɗaya daga cikin hafsoshin da sunka rage ba.

Aikin ma bai tsaya ba. Sauran ayarin, a hannun laftana Paliye da Jowalan, ya ci Damagaram a ƙarshen watan Yuli, anka kashe sarki Amadu Kuran Daga cikin watan Satumba. Jowalan da Meniye sunka zarce Cadi, ayari ukun sunka haɗu, ran 22 ga watan Afrilu na 1900 sunka kashe Rabe a Kuseri. Wahalar ruwan da Bule ya sha ta nuna ma Faransa cewa ba ta da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram, don haka ta nemi a gyara iyaka. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 sunka maido Ƙwanni da Tibiri da Maraɗi hannunta. Dalilin ke nan da ya sa yaron Jiratawa ke koyon Faransanci a lakwal, ɗan'uwansa na Jibiya yana koyon Ingilishi.

A Maijirgi kuwa maganar ba ta mutu da shi ba. Ana ba da labari cewa a 1923 kumandan Tasawa, Rober Delavinyet, ya sa an tone kaburburan biyu, anka iske babu kowa ciki. Tun daga lokacin wasu ke cewa ba a kashe hafsoshin ba, an bar su ne sun sulale cikin hamada don kada a kai su gaban alƙali su faɗi sunayen manyansu. Masana tarihi ba su ɗauki wannan zance da ƙarfi ba. Jikokin waɗanda anka kashe, su kuwa, bayan fitowar fim ɗin 2020 sun kai kukansu gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman Faransa ta amsa laifin, ta kuma buɗe takardun ayarin da ke ajiye a ƙasarta.