Karl Carni, Malamin Fiyano na Birnin Biyana

A cikin makaɗan Turai akwai waɗanda sunansu ya game duniya saboda kiɗan da suka ƙaga, akwai kuma waɗanda ba a tuna su sai yaro ya zauna yana ta nanata darasi har yatsunsa su gaji. Karl Carni, wanda Turawa ke rubuta sunansa Czerny, yana cikin kashi na biyu, ko da yake a ganinmu ba a yi masa adalci ba.

An haife shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, ran 21 ga Fabrairu, 1791. Ubansa mutumin Bohemiya ne, sana'arsa koyar da fiyano, watau babban akwatin kiɗan nan mai tsirkiyoyin ƙarfe a ciki, wanda in an danna maɓallansa farare da baƙaƙe sai waɗansu 'yan guduma su bugi tsirkiyoyin. Shi kaɗai iyayensa suka haifa, ba su kuwa da wadata. Almajiran ubansa waɗanda ba su da kuɗin biya su ne suka riƙa koya masa harsuna a maimakon lada. Yana shekara 9 ya yi kiɗa gaban jama'a.

Da ya kai kamar shekara 10 aka kai shi wurin Betoben, gwanin makaɗan zamanin. Suka yi ta hawan bene har suka iske shi a wani ɗaki, takardu da tufafi warwatse ko'ina, ga gashi buzu-buzu, har yaron ya tuna da Robinson Kuruso. Ya kuma lura da auduga cushe a kunnuwansa, tun mutane ba su san kurumta ta fara kama shi ba. Carni ya zauna ya kaɗa, Betoben ya saurara, ya yarda ya karɓe shi. Wanda ya zaci za a fara da manyan kiɗe-kiɗe ya yi kuskure. Hawa da saukar sauti aka sa shi, da yadda a ke aza hannu, da amfani da babban yatsa, sa'an nan yadda za a haɗa sauti da sauti kada a ji yankewa.

Allah ya ba shi hadda. Wani basarake, Yarima Liknofski, ya kan kira lambar kiɗan Betoben kawai, Carni ya kaɗa shi da ka. A 1812 shi ya fara kaɗa wa mutanen Biyana babban kiɗan Betoben na biyar na fiyano tare da taron makaɗa. Mai irin wannan baiwa yawon ƙasashe ya kan shiga, ya sami suna da dukiya. Carni ya yi shirin haka a 1805, har malaminsa ya rubuta masa takardar shaida, amma ya fasa. Lokacin yaƙi ne, ga iyaye ba wani ɗa sai shi, shi kuma ba mai son nuna kai ba ne.

Sai ya kama sana'ar ubansa yana shekara 15. Malamin fiyano a zamanin nan ba shi da aji, ba shi da albashi. Gida-gida ya ke bi, mutum ɗaya ɗaya ya ke koya wa, yaro ko babba, a biya shi ladan sa'arsa. Wajen shekara 20 Carni yana ba da darasi 11 ko 12 kowace rana, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare, da dare kuma ya zauna rubutu. Mu da darasi biyar na gwajin koyarwa ke sa mu nemi gado, sai mu yi shiru.

Betoben da kansa ya danƙa masa ɗan ƙanensa, shi ma Karl, ya kuma rubuto masa shawara wadda ta dace da kowane malami. Ma'anarta ita ce, in yaro ya riga ya iya aza yatsu da kiyaye lokaci, kada a riƙa tsai da shi don ƙananan kurakurai, a bari ya kai ƙarshe tukuna a nuna masa. Ba kullum suka zauna lafiya ba. A 1816 Carni ya yi wa wani kiɗan malaminsa ƙarin ado, Betoben ya yi masa faɗa gaban mutane, kashegari kuwa ya aiko da takardar ba da haƙuri.

Almajirinsa da ya fi shahara shi ne Faranz List, ɗan ƙasar Hangare. Carni ya ga yaro ramamme, yana kiɗa yana tangaɗi bisa kujera, yatsu ba tsari, amma baiwar da bai taɓa ganin irinta ba. A 1822 ya fara koya masa, bai karɓi ko anini ba. Ya hana shi kiɗan ban mamaki, ya tsare shi wata da watanni kan hawa da sauka. Yaron bai so ba. Bayan shekara 30, a 1852, List ya zama sarkin masu fiyano na Turai, ya buga darussan nan nasa 12 masu tsananin wuya, ya sa sunan Carni a kansu. Wani almajirin, Leshetiski, shi ya koyar da Padarefski, makaɗin da ya zama firayim ministan Polan a 1919.

A 1836 ya bar koyarwa, ya koma rubutu kaɗai. Ayyukansa masu lamba sun kai 861. Na 599 don masu farawa ne, na 299 don saurin yatsu, na 740 don ƙwararru, na 500 kuwa babban littafin koyon fiyano ne wanda ya fito a 1839 da sunan Sarauniya Biktoriya a kansa. Masu buga littattafai irin waɗannan suka fi nema, don su ke ciniki, shi kuwa bai ƙi ba. Wannan ya jawo masa raini, har Shuman ya yi ta sukarsa a jarida, wai ba shi da basira. Alhali kuwa yana da manyan kiɗe-kiɗe na taron makaɗa da na coci, da yawansu a akwati suka tsaya, ba a buga ba.

Bai yi aure ba, kyanwoyi ne abokan zamansa. Ya rasu a Biyana ran 15 ga Yuli, 1857, yana da shekara 66, ya bar dukiya mai yawa. Ya yi wasiyya a raba ta ga mai kula da gidansa, da ƙungiyar masoya kiɗa ta Biyana, da gidajen taimako, har da na kurame. Takardunsa suka zauna a ajiye wurin ƙungiyar nan. A 2002 aka yi taro a Edmonton ta ƙasar Kanada, aka fito da waɗansu daga ciki aka kaɗa.