Fred Rogers (1928–2003): Rayuwarsa da Gudummawarsa ga Shirye-shiryen Yara a Talabijin

Gabatarwa

A tarihin talabijin a Amurka, da wuya a sami wanda ya ɗauki magana da ƙaramin yaro da muhimmanci irin Fred McFeely Rogers. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwarsa da salon aikinsa a taƙaice.

Haihuwa da Karatu

An haife shi ranar 20 ga Maris, 1928, a garin Latrobe na jihar Pennsylvania. Ya sami digiri a fannin kiɗa daga Kwalejin Rollins a 1951, sannan ya kama aiki da gidan talabijin na NBC a New York. A 1953 ya koma Pittsburgh, inda ya shiga sahun waɗanda suka fara aiki a tashar ilimantarwa ta WQED. A nan ya riƙa sarrafa 'yan tsana daga bayan fage a shirin The Children's Corner. Ya haɗa wannan aiki da karatun addini, har aka naɗa shi limamin cocin Presbyterian a 1963. Haka kuma ya daɗe yana ɗaukar shawara daga Margaret McFarland, masaniyar halayyar yara a Jami'ar Pittsburgh.

Shirinsa da Salonsa

Ya fara fitowa gaban kyamara a tashar CBC ta Kanada a 1963. Ranar 19 ga Fabrairu, 1968, aka fara nuna Mister Rogers' Neighborhood a faɗin Amurka, kuma shirin ya kai kashi 895 kafin a rufe shi a 2001. Yakan yi magana a tsanake, da gajerun jimloli, yana guje wa kalmar da yaro zai yi wa gurguwar fahimta. Wani ɗan jirgin ƙasa na wasa ne ke raba duniyar zahiri da ta ƙage, aikin da mabuɗi da marufi suke yi a tatsuniya. Bai ƙaurace wa batutuwa masu nauyi ba: ya tattauna mutuwa da rabuwar aure da fushi, ya kuma shirya kashi na musamman bayan kisan Robert Kennedy a 1968. A 1969, lokacin da wariya a wuraren iyo ke ta da ƙura, ya tsoma ƙafafunsa cikin ruwa ɗaya da François Clemmons, baƙar fata mai fitowa a matsayin ɗansanda.

Kare Kafar Jama'a

Ranar 1 ga Mayu, 1969, ya bayyana gaban wani kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata John Pastore, a daidai lokacin da gwamnatin Nixon ke neman zabge rabin dala miliyan 20 da aka tsara wa kafofin watsa labarai na jama'a. Hujjarsa ita ce yara na buƙatar shirin da zai koya musu sarrafa abin da ke ransu. Jawabin ya sauya ra'ayin shugaban kwamitin nan take.

Kammalawa

An ba shi lambar yabo ta 'yanci ta Shugaban Ƙasa a 2002, ya kuma rasu ranar 27 ga Fabrairu, 2003, sakamakon ciwon dajin ciki. Aikinsa ya bar wa manazarta adabin yara tambaya: wane irin harshe ya dace a yi wa yaro magana da shi, kuma wa zai ɗauki nauyin shirin da ba riba yake nema ba?