Rabaran Michael Scott, Limamin da Ya Nufi Sahara Don Ya Tare Bam

Duk wanda ya yi hunturu a Dutse Alhaji ya san yadda hazo yake rufe duwatsun unguwar, ƙura ta shiga ido, ta kwanta a kan bencin sujada. Daga hamada iskar nan take tasowa. Shi ya sa hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi a 1959, da aka ji Faransa tana shirin gwada bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Abin da ake tsoro shi ne iskar da ke kawo ƙura ta kawo guba har cikin rijiyoyi da gonaki. Cikin waɗanda suka ƙi yin shiru akwai wani limamin Ikilisiyar Angalikan, Bature, mai suna Michael Scott.

An haife shi a Ingila ranar 30 ga Yuli, 1907. Mahaifinsa ma limami ne, yana hidima a wata unguwar matalauta a birnin Southampton, a nan yaron ya fara sanin talauci ido da ido. Yana ɗan shekara 19 ya tafi Afirka ta Kudu, ya yi aiki a wurin jinyar kutare kusa da Cape Town. Ya koma gida ya yi karatun tauhidi, aka naɗa shi hidima a 1930, daga baya ya yi aiki a Indiya.

A 1943 ya sake komawa Afirka ta Kudu, a nan ne halinsa ya fito fili. Ya shiga sahun Indiyawan Durban masu ƙin dokar wariya ba tare da ɗaga hannu ba, aka ɗaure shi wata uku a 1946. Ya zauna cikin bukkokin baƙar fata a gefen Johannesburg, abin da doka ta hana Bature. Sarkin Herero, Hosea Kutako, wanda aka hana shi fita daga ƙasarsa, Namibiya ta yau, ya ɗora masa kai kukan mutanensa, shi kuwa ya tsaya gaban wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1949 ya isar da saƙon. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta saka masa da haramta masa shiga ƙasar.

Batun makaman ƙare dangi bai zo masa a matsayin sabon aiki ba. A ganinsa, raina ran ɗan Adam da ya haifi wariyar launin fata shi ne ya sa ƙasar Turai ta zaɓi ƙasar Afirka don gwajin da ba za ta yi a bakin ƙofarta ba. A lokacin, ɗalibai da ma'aikata da matan gida a Ingila sun fara tattakin Aldermaston a kowane bikin Ista, tun daga 1958. A Disambar shekarar nan aka kama Scott tare da wasu a wani sansanin makamai masu linzami kusa da Swaffham.

Shekara guda bayan haka ya sauka a Accra. Ranar 6 ga Disamba, 1959, ayarin mutum kusan ashirin ya tashi cikin motoci, yawancinsu 'yan Ghana, tare da Bayard Rustin da Bill Sutherland daga Amurka, da Michael Randle daga Ingila, da Pierre Martin, Bafaranshe. Jama'ar Ghana sun ba da gudummawar kuɗin tafiyar. Niyyarsu ita ce su keta tafiyar mil wajen 2,000 har Reggane, su zauna a filin gwajin, ta yadda Faransa ko ta fasa, ko ta tayar da bam a kan mutane duniya tana kallo. Mai hankali zai iya cewa wannan ganganci ne, kuma ba zai rasa hujja ba.

Ba su yi nisa ba. Jami'an Faransa sun tare su a Bittou, cikin ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso. Suka koma, suka sake shiri, aka sake tare su a Po, inda Kirsimeti ta same su zaune a bakin shinge, suna raba takardu, suna yi wa matafiya bayani. A karo na uku, cikin Janairun 1960, sun kai Tenkodogo kafin a kama su a mayar da su iyakar Ghana. Pierre Martin kuwa ya yi azumi a ƙofar ofishin jakadancin ƙasarsa a Accra.

Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, bam ɗin ya tashi, da ƙarfin da ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Scott bai hana shi ba. Amma labarin ayarin ya riga ya zaga nahiyar. Ghana ta riƙe kadarorin Faransa, Firayim Minista Nkrumah ya kira babban taro a Accra cikin Afrilu. Da Faransa ta yi gwaji na uku ranar 27 ga Disamba, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ba ta cika wata huɗu da samun 'yanci ba, ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961, ta rufe wa jiragen ƙasar tashoshinta na ruwa da na sama.

Da ya koma Ingila, Scott ya haɗa kai da masanin falsafa Bertrand Russell, mutumin da bai yarda da addini ba, suka kafa Kwamitin Mutum Ɗari a 1960. Dubban matasa sun bi su zaman dirshan a titunan Landan, kuma a Satumbar 1961 aka sake ɗaure shi wata guda. Shugabannin ikilisiyarsa da dama ba su ji daɗin irin abokan tafiyarsa ba, ya kuma shafe yawancin rayuwarsa ba shi da ikilisiyar da yake kiwo, ba mata, ba dukiya, ga ciwon hanji da ya daɗe yana cinsa. Daga 1964 ya shiga aikin sulhu a Nagaland, har Indiya ta kore shi a 1966.

Ya rasu a Landan ranar 14 ga Satumba, 1983. Bai ga 'yancin Namibiya a 1990 ba, bai kuma ga Yarjejeniyar Pelindaba ba, wadda ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a Alƙahira a 1996 don haramta makaman nukiliya a nahiyar. A Windhoek, babban birnin Namibiya, akwai titi mai ɗauke da sunansa.