Seyni Kunce: sojan da fari ya kawo kan mulki, ya sa batun ƙasa da itace cikin tsarin raya Nijar

An haifi marigayi Janar Seyni Kunce a shekarar 1931 a Fandu, cikin ƙasar Zabarma. Ya shiga sojan Faransa yana saurayi, ya yi aiki a Indocina da Aljeriya, sannan ya koma rundunar sojan Nijar bayan samun 'yancin kai. A 1973 aka naɗa shi babban hafsan sojojin ƙasar.

Lokacin nan fari ya riga ya shekara biyar yana cin yankin Sahel. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun ƙare, mutanen karkara sun kwararo birane, ga kuma ƙorafin cewa abincin agaji ba ya isa ga mabukata. Ran 15 ga Afrilu 1974 Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma aikin da ya fara sa wa gaba shi ne raba hatsi ga talakawa.

Shekarun farko sun zo masa da sa'a. Kuɗin yuraniyom na Arlit ya hau, kamfanin Cominak ya soma haƙa a 1978, gwamnati ta shimfiɗa tsarin raya ƙasa na shekara biyar, 1979 zuwa 1983, wanda ya dogara sosai ga wannan kuɗi. An yi hanyoyi da manyan gine-gine a Yamai. Batun daji bai ɓace gaba ɗaya ba, domin tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai, ta zama ranar dashen itace, kuma a shekarar ce aka fara dasa layukan bedi masu tare iska a kwarin Majiya, cikin jahar Tawa. Sai dai a wancan zamani babu dokar da ta tilasta a auna illar da wani babban aiki zai yi wa ƙasa da ruwa kafin a fara shi.

Daga farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, bashi ya yi wa gwamnati nauyi. A 1984 damina ta sake ƙin yi. A cikin Afrilun shekarar kuma gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Tsofaffin 'yan kasuwar Ɗan Isa da Jibiya, da na Ƙwanni da Illela, ba su manta da wannan lokaci ba: gero ya yi tsada, dabba ta faɗi warwas, hanyar da aka saba shigo da hatsi ta toshe.

Cikin wannan hali ne Kunce ya kira babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi, a watan Mayun 1984. Abin da ya fito daga taron shi ake kira Alkawarin Maraɗi. Muhimmancinsa shi ne ya fitar da batun itace da zaizayar ƙasa daga hannun ma'aikatan gandun daji kaɗai, ya mai da shi aikin gwamnati duka da na jama'a. Aka nemi ayyukan raya ƙasa su riƙa ɗauke da kason dashen itace da gyaran ƙasa, a kuma sa mutanen ƙauyuka cikin aikin. A shekarar ce aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da taimakon Italiya, inda mata da maza suka yi ta jera duwatsu da haƙa ramuka don tare ruwan sama a kan tuddai.

Mulkin Kunce na ƙarfi ne. Ya hana jam'iyyu, ya tsare abokan hamayya, Diori kansa ya daɗe a tsare. Wannan tsanani ya taɓa harkar daji ma: dokar lokacin ta sa itatuwa irin su gawo ƙarƙashin ikon gwamnati, manomi na iya cin tara don ya sare reshe a gonarsa, shi ya sa da yawa ba su ga amfanin barin tsiro ya girma ba. Itatuwan da aka dasa da umarni kuma da yawansu sun bushe don rashin mai kula.

Kunce ya rasu a asibiti a Paris ran 10 ga Nuwamba 1987, Ali Saibu ya gaje shi. Bayan rasuwarsa ne abin da aka soma a Maraɗi ya zama doka. A 1997 Nijar ta wajabta binciken illar ayyuka ga muhalli kafin a fara su, a 1998 ta kafa babbar dokar kula da muhalli, a 2018 ta sabunta ƙa'idojin binciken. A gonaki kuwa, da aka sassauta wa manoma ikon itatuwansu, sassaben zamani ya bazu a jahohin Maraɗi da Damagaram, har masana suka ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan 5 sun sake yin itace.

Can arewa kuma, da Cominak ta rufe a 2021, ta bar tarin dusar ma'adini mai guba kimanin tan miliyan 20 kusa da Arlit. Wannan ita ce irin ɓarnar da binciken farko ke nufin hanawa.

Ga mai sayar da wake, albasa ko raguna a bakin iyaka, maganar ba ta da nisa. Kayan da ke cika kasuwa daga ƙasa da ruwa suke fitowa, don haka duk wata hanya, madatsar ruwa ko ma'adini da za a buɗe a yankinku, doka ta tanadi a auna illarsa a kuma ji ta bakin jama'a tun kafin a sa hannu.

Allah ya ji ƙan Janar Seyni Kunce.