Seyni Kountché: Sojan da ya yi wa Faransa yaƙi a Indochina da Aljeriya kafin ya mulki Nijar

A ranar 10 ga Nuwamban 1987 ne Janar Seyni Kountché ya rasu a wani asibiti da ke birnin Paris yana da shekara 56, bayan ya shafe shekara 13 yana mulkin Jamhuriyar Nijar. Akasarin matasan yau sun san sunansa ne ta babban filin wasa na birnin Yamai da kuma gada ta uku da aka gina a kan kogin Kwara. Dattawan Keita da Bouza da Madaoua kuwa suna tuna zamaninsa da yunwar 1984 da aikin raya ƙasar da fari ya kashe.

Kafin duk wannan, Kountché ɗaya ne daga cikin 'yan mazan jiya, wato dubban 'yan Afirka da suka sanya kakin sojan Faransa suka yi yaƙi a ƙasashen da ba nasu ba. Wasu sun mutu a can, wasu sun dawo gida da raunuka da fanshon da bai taka kara ya karya ba.

Daga Fandou zuwa bariki

An haifi Seyni Kountché ranar 1 ga Yulin 1931 a garin Fandou da ke yankin Filingué, a gidan sarautar Zabarmawa na Tondikandia. Bayan karatun firamare, an tura shi makarantun da Turawan mulkin mallaka suka kafa don horar da yaran da za su zama sojoji, a Kati ta ƙasar Mali da Saint-Louis ta ƙasar Senegal. A 1949, yana da shekara 18, ya shiga rundunar sojan Faransa.

Rundunar da ya shiga tana da dogon tarihi. Tun 1857 Faransa ta kafa bataliyar baƙaƙen sojoji a Senegal, kuma sunan sojojin Senegal ya bi duk wani ɗan Afirka ta Yamma da aka ɗauka, ko Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko Bambara. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an kwashi kusan mutum 200,000 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, kimanin 30,000 daga cikinsu ba su dawo ba. A 1919 aka mayar da aikin soja tilas a Afirka ta Yamma, kuma ta hannun sarakuna da masu gari ake tattara samarin da za a kai gaban likita a tantance su.

Shekara biyar kafin Kountché ya shiga soja, an yi abin da har yau ake jimaminsa. Ranar 1 ga Disamban 1944, a barikin Thiaroye da ke kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wa tsofaffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka wuta saboda sun nemi a biya su haƙƙinsu bayan sun dawo daga Turai. Hukumomin soja na lokacin sun ce mutum 35 ne suka mutu, amma masana tarihi na cewa adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a Nuwamban 2024 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amince cewa kisan kiyashi ne.

Yaƙi a ƙasar wasu

Kountché ya yi aiki a Indochina, yankin da ya haɗa Vietnam da Laos da Kambodiya, inda Faransa ta yi yaƙi daga 1946 har ta sha kaye a Dien Bien Phu ranar 7 ga Mayun 1954. Ya kuma yi aiki a Aljeriya, wadda ta fara nata yaƙin neman 'yanci a ƙarshen wannan shekarar. A wurare biyun, sojojin Afirka sun tsinci kansu suna yaƙar mutanen da ke neman irin 'yancin da ƙasashensu ma ke nema.

A 1957 ya samu muƙamin saje, sannan ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Fréjus da ke kudancin Faransa. Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agustan 1960, Kountché ƙaramin hafsa ne, kuma a 1961 ya koma sabuwar rundunar sojan Nijar da aka kafa ranar 1 ga Agustan wannan shekarar.

Shi ya samu sabon aiki da hanyar ƙarin girma, amma ba haka ta kasance ga yawancin takwarorinsa ba. A ƙarshen Disamban 1959 majalisar dokokin Faransa ta zartar da dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci. Ma'ana, kuɗin da ake biyan su ya tsaya cik a inda yake, yayin da na Faransawan da suka yi yaƙi tare ke ƙaruwa duk shekara. Tsohon sojan da ya koma ƙauyensu a Adar ko Gobir ya ci gaba da karɓar wani ɗan kaso na abin da abokin aikinsa Bafaranshe ke karɓa, alhali harsashi bai bambanta su ba a fagen daga.

An daɗe ana shari'a kan wannan. A Nuwamban 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta bai wa wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, gaskiya, amma hukuncin ya zo ne bayan ya rasu. Fim ɗin Indigènes da ya fito a 2006 ya sake tayar da maganar, aka daidaita kuɗin 'yan mazan jiya daga 2007, sauran fanshon kuma daga 2011. A lokacin, mafi yawan waɗanda suka yi yaƙe-yaƙen sun riga sun kwanta dama.

Fari da juyin mulki

Kountché ya ƙaro karatun hafsoshi a Paris tsakanin 1965 da 1966, ya zama mataimakin babban hafsan sojoji, sannan a 1973 ya zama babban hafsan yana da muƙamin laftanar-kanal. Shekarun fari ne. Tun daga 1968 damina ke gazawa a yankin Sahel, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. An yi ta zargin wasu manyan jam'iyyar PPN-RDA mai mulki da karkatar da abincin agaji, kuma sojojin da aka tura rabon abinci a karkara sun ga halin da talakawa ke ciki da idonsu.

Ranar 15 ga Afrilun 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani. An kashe matarsa Aissa Diori a fadar shugaban ƙasa a daren juyin mulkin, aka tsare shi kansa shekaru da dama. Kountché ya zama shugaban Majalisar Ƙoli ta Soja, ya rusa majalisar dokoki, ya haramta jam'iyyu, ya saki fursunonin siyasa. Makonni kaɗan bayan haka ya nemi sojojin Faransa da ke jibge a Nijar su fice, wato rundunar da shi kansa ya yi wa aiki fiye da shekara goma.

Kuɗin yuraniyom da suka ƙaru a ƙarshen shekarun 1970 sun ba gwamnatinsa damar yin ayyuka, ciki har da hanyar kwalta daga Tahoua zuwa Arlit. Ya farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya don aikin gayya, kuma an san shi da kai ziyarar ba-zata ofisoshin gwamnati don ganin wa ya zo aiki, wa ya makara.

Mulkinsa na da tsanani, kuma sojoji na cikin waɗanda suka ɗanɗana. Mataimakinsa Sani Souna Sido, wanda aka kama a 1975, ya mutu a tsare. Bayan yunƙurin juyin mulkin Maris 1976, an yanke wa jagororinsa hukuncin kisa aka kuma zartar, ciki har da Manjo Moussa Bayéré da Kyaftin Sidi Mohamed. Djibo Bakary, jagoran Sawaba da ya dawo daga gudun hijira, ya sake komawa kurkuku. A Oktoban 1983, na hannun damansa Amadou Oumarou Bonkano ya yi yunƙurin kifar da shi yayin da yake taro a Faransa. Iyalan waɗanda suka rasa 'yan uwansu a waɗannan shekaru na da nasu labarin game da Kountché, kuma ya sha bamban da na masu yabonsa.

Abin da Keita da Bouza suka gani

A jihar Tahoua, zamanin Kountché na da alaƙa da yaƙi da gurgusowar hamada. Tun 1975 aka fara dasa layukan itatuwan dogon yaro a kwarin Majiya, a yankin Bouza, tare da ƙungiyar CARE, don kare gonaki daga iska. A wannan shekarar ce kuma ranar bikin 'yancin kai ta zama ranar dashen itatuwa.

Sai fari ya dawo a 1984. Abin ya zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, bayan an kori baƙi masu yawa daga ƙasar a 1983. Ga yankin da ya dogara da cirani da hatsin da ke shigowa daga kudu, wannan babbar masifa ce, shi ya sa jama'a suka laƙaba wa yunwar suna El Buhari.

A watan Mayun 1984 gwamnati ta kira taron ƙasa a Maraɗi kan kwararowar hamada, kuma a wannan shekarar aka fara shirin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da kulawar hukumar FAO, yayin da Mamadou Tandja ke shugabantar Tahoua. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa biyan ma'aikata da abinci. Da yake maza da yawa sun tafi cirani, mata ne suka yi mafi yawan aikin: haƙa ramuka a kan duwatsu don tare ruwan sama, jera duwatsu a kan faƙo, gina madatsun ruwa da dasa miliyoyin itatuwa. Daga baya aka faɗaɗa shirin zuwa Bouza da Abalak.

Kountché bai ga ƙarshen aikin ba. Ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa ya kama shi, ya riƙa zuwa jinya Faransa. A watan Yunin 1987 aka kaɗa ƙuri'ar amincewa da kundin da zai share fagen komawa tsarin mulki, bayan wata biyar ya rasu. An binne shi a Fandou, Kanal Ali Saibou ya gaje shi.

Waɗanda suka biyo baya

Rundunar da Kountché ya taimaka aka kafa ta yi asarar ɗaruruwan dakaru a 'yan shekarun nan, kuma a wannan karon a cikin gida suke mutuwa. Ranar 6 ga Oktoban 2016 an kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit da ke jihar Tahoua. A Inates an kashe sojoji 71 ranar 10 ga Disamban 2019, aka binne su a sansanin sojan sama da ke Yamai. Bayan wata guda, ranar 9 ga Janairun 2020, an kashe wasu 89 a Chinagodrar. A farkon Oktoban 2023 kuma sojoji 29 suka rasu kusa da Tabatol, nan ma a jihar Tahoua.

Kowace daga cikin waɗannan ranaku ta zo da zaman makoki da sassauto da tuta. Bayan makokin, abin da ke rage wa matan mamatan da 'ya'yansu shi ne maganar fansho da kuɗin makaranta da na asibiti, irin maganar da tsararrakin Kountché suka shafe fiye da shekara arba'in suna bi a ofisoshi da kotunan Faransa. Kountché ya samu filin wasa da gada da sunansa saboda ya yi mulki. Sojojin da suka tafi Indochina da Aljeriya tare da shi, da waɗanda suka faɗi a Tazalit da Tabatol, yawancinsu a gidajensu kaɗai ake ambaton sunayensu, lokacin addu'a.