Seth Chandler: Ma'aikacin inshorar da ya gano tangaɗin duniya

An haifi Seth Carlo Chandler a birnin Boston na Amurka ranar 16 ga Satumba, 1846. Bai yi karatun jami'a ba, amma tun yana ɗan sakandare yake yi wa masana taurari lissafi. A 1864 ya shiga hukumar safiyon gaɓar tekun ƙasar, daga 1870 kuma ya koma lissafin inshorar rai, aikin da ya rufa masa asiri ya kuma koya masa haƙurin bin dogayen jerin alƙaluma.

Tun a 1765 Leonhard Euler ya yi hasashen cewa duniya ba ta juyawa daram, tana ɗan tangaɗi kamar katantanwar da ta fara gajiya, kowane zagaye cikin kwana 305. Masana suka shafe fiye da ƙarni suna neman wannan zagaye na wata goma ba su gani ba, duk saɓanin da ya bayyana a awonsu sai su ɗora wa na'ura laifi.

Chandler ya ƙera madubin hangen taurari mai yawo a kan zaiba, ya yi awo da shi a Harvard a 1884 da 1885, sannan ya tono tsofaffin bayanan da wasu suka ajiye. A 1891 ya bayyana cewa tangaɗin gaskiya ne, sai dai yana ɗaukar kimanin wata 14. Simon Newcomb ya fayyace dalilin bambancin: jikin duniya yana ɗan lanƙwasa, ga kuma tekuna, alhali Euler ya ɗauke ta sandararriya.

Chandler ya rasu ranar 31 ga Disamba, 1913, ya bar tambaya guda: me ke hana tangaɗin mutuwa? An daɗe ana zargin girgizar ƙasa, domin takan sauya yadda nauyin duwatsu ya rarrabu. Lissafin Richard Gross na hukumar NASA ya nuna girgizar Japan ta 2011 ta rage tsawon yini da kashi 1.8 cikin miliyan na daƙiƙa, ta kuma gusar da layin daidaiton nauyin duniya da kimanin santimita 17. Amma tun a 2000 Gross ya gano cewa sauyin matsin ruwa a ƙasan teku da na iska su ne manyan masu ingiza tangaɗin. Irin girgizar da ta firgita Mpape a Abuja cikin 2018 ba ta kai ta taɓa shi ba.

Tangaɗin na 'yan mitoci ne kawai, amma yana shafar awon matsayin kowane gari, daga Boston har Gadaka a Jihar Yobe. Shi ya sa ake sa shi cikin lissafin taurarin GPS, waɗanda masu safiyon filaye da cibiyar nazarin motsin ƙasa ta Toro a Jihar Bauchi ke dogaro da su.