Rowland Bingham: Yaron Kanti Da Ya Kafa Mishan Ɗin Da Ya Iso Tsibiri

 A wannan mako za mu leƙa ƙasar Maraɗi ne ta Jamhuriyar Nijar, amma sai mun bi ta Ingila da Kanada tukuna. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu da ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi sun san asibitin Danja, wasu sun kai marasa lafiyarsu Galmi, wasu kuma an yi musu aikin ido a asibitin ido na mishan da ke Kano, ko sun kwanta a Jan Kwano da ke Jos. Duk waɗannan wurare tushensu ɗaya ne, wato ƙungiyar mishan ta SIM. Mutumin da ya kafa ta kuwa, Rowland Victor Bingham, bai taɓa yin doguwar zama a ƙasar Hausa ba, domin sau biyu zazzaɓi yana koro shi daga bakin teku.

An haifi Bingham ranar 19 ga Disamba, 1872 a garin East Grinstead da ke kudancin Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 13, aka bar mahaifiyarsa da yara, ta riƙe ɗan kanti don ciyar da su, shi kuma yana taimaka mata. Yana da shekara 15 ya haɗu da masu wa'azin ƙungiyar Salvation Army, wato Rundunar Ceto, ya rungumi addini da gaske. Daga nan matsala ta taso a kantin, domin cikin kayan da ake sayarwa akwai taba, shi kuma zuciyarsa ta ƙi yarda ya ci gaba da miƙa wa mutane ita. Duk mai tebur ko mai shago ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, kayan da ke kawo ciniki a ce an daina taɓa su, alhali da ribarsu ake cefane. Maimakon a yi ta ja-in-ja a gida, sai ya haɗa kayansa ya shiga jirgin ruwa zuwa Kanada yana ɗan shekara 16.

A can ya yi aikin gona, ya yi wa'azi a ƙarƙashin Rundunar Ceto, daga bisani ya zama mataimakin wani fasto a birnin Toronto. A 1893 ne ya haɗu da wata dattijuwa, Uwargida Gowans, wadda ta zaunar da shi ta ba shi labarin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a wancan zamani. Ba Sudan ta Khartum kaɗai ake nufi ba, ana nufin duk faɗin ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa da Barno. Ɗanta Walter ya riga ya ƙudura zuwa can, amma babu ƙungiyar mishan da ta yarda ta ɗauki nauyinsa. Bingham ya bi shi, wani matashi Ba'amurke mai suna Thomas Kent ya zama na uku.

Sun sauka Legas ranar 4 ga Disamba, 1893, ba su da uban gida, ba su da kuɗin kirki. Wani babban ɗan mishan da suka tarar a can ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa ba za su ga ƙasar da suke nema ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai dai ko jikoki. Ba a daɗe ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, aka yanke shawarar ya tsaya a kudu yana aika musu da kaya da saƙo, sauran biyun su nausa arewa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare duk sun mutu, Gowans a Girku da ke ƙasar Zazzau, Kent kuma a Bida. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ya kai wa Uwargida Gowans 'yan kayan da ɗanta ya bari. Abin da ya ba shi mamaki, maimakon ta ɗora masa laifi, sai ta nuna masa ba ta yi nadamar tafiyar ɗan nata ba, kuma ta ci gaba da neman masu tallafa wa aikin.

Ya yi ɗan karatun aikin asibiti da na Littafi Mai Tsarki a Amurka, ya riƙe wata majami'a, ya auri Helen Blair a 1898, kuma a wannan shekarar ce aka kafa kwamitin mishan ɗin a Toronto. Da farko tunaninsu na 'yan kasuwa ne: a yi noma da sana'a a Afirka, musamman auduga, ribar ta riƙe aikin bishara. Wannan dabara ba ta yi tasiri ba, aka watsar da ita. A 1900 ya sake dawowa Legas tare da samari biyu, cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka sa shi a jirgi aka mai da shi gida, samarin nan kuma gwiwarsu ta yi sanyi suka biyo shi. Shekara bakwai ke nan, kabari biyu, babu tasha ko ɗaya. Sai a karo na uku ne wasu mutum huɗu da ya tura suka kafa zango a Pategi da ke ƙasar Nufe a 1902, lokacin da Turawan Ingila ke cin ƙasar Arewa da yaƙi.

A wannan shekarar ce kuma wani mai kantin magani na Toronto, Andrew Stirrett, ya sallama dukiyarsa ga mishan ɗin ya taho da kansa. Shi ne Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani, yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, kuma shi ya dage cewa kowane ɗan mishan ya riƙa shan kwinin kullum. Da haka mace-macen suka ragu. Shi kansa Bingham ya taso ne cikin mutanen da ke ganin addu'a kaɗai ta isa magani, amma abin da ya gani ya sauya masa ra'ayi, har a 1921 ya wallafa littafi yana kare shan magani da zuwa wurin likita. Da bai sauya ba, da wuya a yi zancen Galmi ko Danja a yau.

Yadda ya tsara kuɗin mishan ɗin abin dubawa ne ga masu adashi. Babu wanda aka yi wa alkawarin albashi, kuma ba a cin bashi don yin aiki. Abin da masu taimako suka aiko a asusu ɗaya ake zuba shi a raba, wanda ke da masu hannu da shuni a bayansa da wanda ba shi da kowa duk su sami rabo. In wata ya yi kyau kowa ya ji daɗi, in ya yi tsauri kowa ya ɗaure ciki. Shi kuwa aikinsa ya koma yawon neman mutane da kuɗi a Kanada da Amurka da Ingila da Ostireliya, da buga mujalla wadda ya riƙe tun 1904, da kai ziyara Afirka lokaci-lokaci. Har gida ya buɗe a Kanada don riƙon 'ya'yan 'yan mishan, aka sa masa sunan Gowans.

To, yaya aka yi suka iso ƙasar Maraɗi? Turawan mulkin Ingila sun daɗe suna hana 'yan mishan zama a manyan masarautun Musulmi na Arewacin Najeriya, saboda alkawarin da suka yi wa sarakuna na rashin taɓa addini. Sai a shekarun 1930 aka sassauta, har aka miƙa wa SIM kula da masu cutar kuturta a Kano da Katsina da Sakkwato. Kafin nan sun riga sun zagaya ta ƙasar Faransa, inda suka buɗe tasha a Damagaram a 1924, sannan wajen ƙarshen shekarun 1920 suka zauna a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, wanda a yau yake cikin gundumar Gidan Rumji, 'yar tafiya kaɗan daga Maraɗi. David Osborne ne ɗan mishan ɗin da sunansa ya fi haɗuwa da wannan tasha, kuma ɗakin shan maganin da aka buɗe a wurin ya fi wa'azi jawo jama'a. Zaman bai zo da sauƙi ba. Faransawa ba su saki jiki da masu jin Ingilishi ba, musamman a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da ake musu kallon 'yan leƙen asirin Ingila.

Ikilisiyar da ta tsiro a Tsibiri da ƙauyukan kewaye ƙarama ce, har gobe kuma Kiristoci 'yan tsiraru ne ƙwarai a Nijar. Wannan ƙaranci shi ya sa zumunci ya zame musu dole. Mutumin da ya bar addinin gidansu, ko daga Musulunci ko daga al'adar Arna, yakan wayi gari babu mai ba shi mata, babu mai zuwa masa gayya, wani lokaci har gado ya kuɓuce masa. Sai ikilisiya ta zama dangi: ita ke nemo masa aure, ita ke tsaya masa ranar suna, ita ke haƙa kabari. Ranar Lahadi da Hausa ake sujada, da Hausa ake waƙa, a zagaya da kwanon baiko kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Da kaka kuma akan yi godiya, manomi ya kawo damin gero ko kwanon wake, a ajiye don mai bishara da gwauraye da marayu.

Amma in ana maganar ƙarfin ikilisiya a ƙasar Hausa, a gaskiya mata ne. Ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda ta samo asali a majami'un SIM na Najeriya tun wajen shekarun 1930 ta kuma bazu har Nijar, ita ce ke riƙe da yawancin aikin taimako. Suna da ranar taronsu a mako, da shugaba da ma'aji, da zanen anko, da 'yan kuɗin da kowace ke zubawa. Wadda ta haihu a je mata da sabulu da itace, wadda ke jinya a kai mata kunu a zauna da ita, gidan da aka yi rashi su ne masu girki har a share makoki. Matan kasuwa za su ga cewa wannan bai yi nisa da biki da gudummawar da suka saba ba, bambancin kawai an haɗa shi da addu'a da karatu. Mata da dama a karkara a irin wannan taro suka fara koyon karatun boko na Hausa. Bingham bai zauna ya tsara wannan daga Toronto ba, matan ne suka gina abinsu da irin zumuncin da suka tashi a ciki.

Akwai kuma inda muke ganin tsarinsa ya gaza, kuma Kiristocin yankin da kansu sun yi ƙorafi a kai. Bingham da mutanensa suna tsoron kada mutane su shigo addini don abin duniya, kuma suna ganin babban aiki shi ne wa'azi, ba gina makarantu ba. Don haka suka fi ba da ƙarfi ga karatun Hausa don a iya karanta Littafi Mai Tsarki, alhali a Nijar wanda bai iya Faransanci ba ba ya samun aikin gwamnati. Wata malamar tarihi Ba'amurkiya, Barbara Cooper, wadda ta fitar da littafi a 2006 kan Kiristocin ƙasar Maraɗi, ta yi dogon bayani kan wannan takaddama tsakanin 'yan mishan da 'yan ƙasa. Iyaye suna son 'ya'yansu su zama malamai da likitoci, mishan na son masu bishara na ƙauye. An daɗe ana wannan ja kafin makarantar firamare ta mishan da ke Tsibiri ta zama abin da iyaye, har da Musulmi, ke neman wa 'ya'yansu gurbi a ciki.

Bingham ya rasu ranar 8 ga Disamba, 1942, saura kwana 11 ya cika shekara 70, lokacin mishan ɗin na da ma'aikata kusan 400 a Najeriya da Nijar da Habasha da wasu ƙasashen. Littafin da ya rubuta na tarihin aikin ya fito a 1943, shekarar da aka cika 50 da saukarsu Legas. Yawancin abubuwan da aka san SIM da su a Nijar bayan ransa aka yi su: asibitin Galmi a 1950, na masu cutar kuturta a Danja a 1956, wanda a 2012 aka ƙara masa sashen matan da ke fama da yoyon fitsari, sai makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye. A shekarun 1980 kuma wani ma'aikacinsu ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoman Maraɗi kan barin kututturan itatuwa su sake tohowa a gona, abin da ake kira sassaben zamani, wanda ya kama sosai a ƙasar Agye da Gazawa.

Majami'un da suka fito daga mishan ɗin sun tsaya da ƙafarsu, a Najeriya ECWA tun 1954, a Nijar kuma EERN jim kaɗan da samun mulkin kai, ko da yake daga baya ta rabu gida-gida saboda saɓanin shugabanci. A 2005 ECWA ta kafa jami'a a Karu da ke Jihar Nasarawa ta sa mata sunan Bingham, asibitin Jan Kwano na Jos kuma shi ne ya zama asibitin koyarwa na jami'ar.